Turancin Baba a Taron Masu Kaji

Babana malamin Turanci ne. Ko bayan ya yi ritaya, a unguwarmu ta Demsawo a Jimeta ba wanda ke kiransa da wani suna sai Tica, har limamin masallacin layinmu. Daga kudancin Adamawa ya fito, daga wani ƙauye a gindin dutse, inda ya yi makarantar mishan a hannun Turawan ƙarshe kafin su tattara nasu ya nasu su koma. A gida Hausa muke yi. Yarenmu kuwa sai idan shi da Mama ba sa so mu ji abin da suke ƙullawa. Turanci nasa ne shi kaɗai, kamar kujerarsa mai hannu da ba wanda ke zama a kai.

Idan ana biki, ko liyafar sallamar wani ma'aikaci, shi ake nema ya riƙe makirfo. Yakan sa kwat ɗinsa mai ruwan toka duk zafin Yola, ya miƙe, ya gyara murya, ya saki wata kalma mai tsawon igiya, jama'a su kaure da tafi. Rabinsu ba su san abin da ya ce ba, kuma ba don su sani suka gayyato shi ba. So suke a ce bikinsu ya yi nauyi. Ni ma ina cikin masu tafin. Nakan waiga in ga ko an lura cewa ni 'yarsa ce.

Mama ba ta wuce firamare ba. Kaji take kiwo a bayan gida, cikin wata rumfa ta kwano da waya, irin fararen nan na gidan gona da ke girma kamar ana hura su. Takan sayo 'yan tsaki ta auna lokaci yadda za su isa yanka daidai Kirsimeti. Kajin nan sun kai mu makaranta fiye da albashin Baba, amma wannan ba maganar da ake yi a gidanmu ba ce.

A shekarar da nake ba da labari, murar tsuntsaye ta ɓulla a wasu jihohi. Muna jin ta a rediyo kamar labarin wata duniya, sai aka wayi gari an liƙa takarda a ƙofar kasuwa: an hana shigo da kaji, an hana fita da su, an hana sayar da masu rai, har sai abin da hali ya yi. Da Turanci aka rubuta takardar, kuma a samanta akwai kalma ɗaya da manyan baƙaƙe, wadda ke nufin takunkumi. Kafin mako ya zagayo duk Jimeta ta haddace ta. Imbago. Wanda bai taɓa shiga aji ba ma ya iya ta. Idan mace ta hana mijinta tuwo, sai a ce ta sa masa imbago. Yara suna wasa a layi, wanda aka kama an yi masa imbago. Ana dariya, amma a bayan gidanmu kaji cike da rumfa suna ci suna ƙara ƙiba, Kirsimeti tana ƙaratowa, babu inda za a kai su.

Masu sana'ar kaji suna da ƙungiya, kuma tarkace ce ta kowa da kowa: matan coci masu kiwo a gida irin Mama, maza masu sarin kajin ƙauye da zabi, da masu shagunan abincin kaji da magani. Shugabansu wani dogon dattijo ne Bafulatani daga cikin garin Yola, wanda ya tsufa yana sayo kaji daga Namtari da ƙauyukan da ke bayanta. Kowa Bappa yake ce masa, wato baffa, har waɗanda suka kusa sa'anninsa. Yana jin Fulatanci da Hausa, Turanci kuwa ko na gaisuwa babu. Shi ya yi ta zirga-zirga har aka yarda wani darakta daga ma'aikatar gona zai zo ya saurare su. Sai aka tsaya neman wanda zai yi magana da yaren ofis. Mama ce ta ɗaga hannu ta ce ai tana da shi a gida.

Da la'asar Bappa ya zo. Aka ba shi kujera ya ƙi, ya zauna a tabarma, dole Baba ya sauko shi ma. Bayan doguwar gaisuwa ya ce, "Malam, mu bakinmu bai kai can ba. Kai za ka zama bakinmu."

"Bappa, ai wannan ƙaramin abu ne," in ji Baba.

"Abu ɗaya muke so su ji. Kajin da aka kiwata a nan garin, likita ya zo ya duba, in lafiya ne a sake mu mu sayar kafin bikinku. Shi ke nan. Ba mu zo faɗa da gwamnati ba."

"Za su ji," Baba ya ce. "Za su ji abin da ba su taɓa ji ba."

Ni a lokacin na gama difloma, ina aiki a wani shagon buga takardu kusa da unguwar Bekaji. Baba ya kwashe kwanaki yana rubutu yana gogewa, sannan ya miƙo mini jawabin in buga masa. Ina cikin bugawa, can wajen ƙarshe, kwamfuta ta ja jan layi a ƙarƙashin wata kalma da ya maimaita sau da yawa: disembargo. Na duba rubutun hannunsa, haka ya rubuta. Da na dawo gida na ce, "Baba, kwamfuta ba ta san wannan ba. Ta ce kuskure ne."

Ya leƙo ta saman tabarau. "Ita kwamfutar a wace makaranta ta yi karatu?"

Ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Gutsuren nan na gaba, in ji shi, juya ma'ana yake yi, shi ya sa kalmar take nufin a ɗage takunkumin ciniki da hukuma ta sa. Ya ce tun yana ɗan makaranta ya gamu da ita a wani ƙaton ƙamus na Baturen da ya koyar da su, ya haddace ta, ya ajiye. "Shekara da shekaru ina riƙe da ita," ya ce, "ban taɓa samun inda zan sa ta ba. Yanzu ga shi Allah ya kawo." Idanunsa na ƙyalli kamar yaron da aka ɗinka wa sabon kaya. Na ga kyan abin, gaskiya. Na koma na buga, na bar jan layin a inda yake.

Ranar taron zauren ya cika maƙil. Fanka ba ta aiki, mata na fifita da ƙasidu da gefen zani. Mama na layi na biyu tare da matan zumunta na cocinmu, ta ɗaura sabuwar atamfarta. Ni ina can baya da kofen jawabin a cikin fayil. Darakta ya zo a makare, gajeren mutum mai fara'a, da wayoyi biyu a hannu. Aka yi addu'ar Musulunci, aka yi ta Kirista, Bappa ya yi gajeriyar gaisuwa da Hausa, ya ce ga Malam zai faɗi damuwarmu.

Baba ya miƙe da kwat ɗinsa. Ya fara a hankali. Ya gode wa gwamnati, ya kawo tarihin kiwon kaji, ya yi maganar gwauraye da marayu da ke ci daga wannan sana'a. Muryarsa na hawa tana sauka, mutane suka yi tsit suna gyaɗa kai, har darakta ya ajiye wayoyinsa. Ban taɓa jin ya yi magana mai daɗin ta ranar ba. Da ya iso ƙarshe sai ya cire tabarau, ya ajiye takardar, ya ɗaga hannu sama, ya ce da ƙarfi:

"We pray for disembargo! We plead for disembargo! Give us disembargo!"

Ya tsaya yana jiran tafi.

Ba wanda ya tafa. Ni kaina sai da na ji ta daga bakinsa ta cikin lasifika na gane abin da ya faru. A buroka, Turancin da 'yan kasuwa ke yi, "dis" na nufin "wannan". Kuma ba mai rai a zauren da bai san imbago ba. Abin da Baba ya faɗa shi ne muna roƙo a ɗage takunkumi. Abin da jama'a suka ji shi ne muna roƙon wannan takunkumi, muna maraba da shi, a ba mu shi.

Wani Ibo mai shagon abincin kaji, ƙato mai babbar murya, shi ya fara miƙewa. Da Hausarsa ta kasuwa ya ce, "Malam, tsaya! Wane dis imbago kake roƙo? Mu mun zo a cire, kai kana cewa a ba mu?"

Magana ta bi layi-layi kamar wutar kara, daga buroka zuwa Hausa, daga Hausa zuwa Fulatanci. Na ga wani ya sunkuya yana raɗa wa Bappa a kunne, na ga fuskar dattijon ta canza. Darakta kuwa, har yau ban sani ba ko shi ma haka ya ji, ko kuwa dama ya samu. Ya jawo makirfo yana murmushi ya ce, "To, madalla. Tunda wakilinku da bakinsa ya nuna kun fahimci dalilin wannan mataki..."

Bai ƙarasa ba zauren ya hargitse.

Da Baba ya ce da Hausa, "Jama'a, a cire nake nufi," da wataƙila an yi dariya an wuce. Amma malami ne. Ya buga tebur da bayan biro kamar yana gaban 'yan aji uku, ya ce a yi shiru, ya fara koyar da darasi. Yana kawo misalan wasu kalmomi masu irin wannan gutsuren, yana rubutawa a iska da yatsa, yana tambaya ko an gane. Wani ya yi ihu daga baya, "Ba makaranta muka zo ba!" Wani ya ce, "Nawa aka ba ka?" Sai wata mata, wadda na sani, muna coci ɗaya, ta ce da ƙarfi, "Fanshonsa yake nema a sakar masa!" Wannan ita ce ta kama. Kowa ya san tsofaffin malamai na bin ofis-ofis a kan haƙƙinsu, sai maganar ta zauna daram kamar an auna.

Darakta ya tashi, yaransa suka kwashe masa takardu. A bakin ƙofa ya juyo ya ce, "Ku je ku daidaita bakinku tukuna, sannan ku neme mu." Ya fice.

Na hango Mama ta sunkuyar da kai, ta ja ɗankwali ta rufe rabin fuska. Baba na tsaye shi kaɗai a gaba, makirfo a hannu, an riga an kashe shi, bakinsa na motsi ba a jin komai. Wata mata kusa da ni, baƙuwar fuska, ta taɓa ni ta ce, "Wannan tsohon wane ne?"

Na ce, "Wani tica ne." Na tura fayil ɗin cikin jaka.

A keke napep ɗaya muka koma mu uku. Da muka shiga gida Baba ya zauna a kujerarsa, bai cire kwat ba. Mama ta wuce bayan gida ta zuba wa kaji ruwa, ta daɗe a can, sannan ta dawo ta tsaya a bakin ƙofa.

"Malam, me ya hana ka ce a cire?"

"Ai abin da na faɗa ke nan, Maman yara."

"Wa ka faɗa wa?"

Ta shiga kicin, muka ji ƙarar tukwane fiye da yadda girkin ke bukata.

Kwanakin da suka biyo baya sun yi mana tsawo. Ran Lahadi a coci, bencin da Mama ta saba zama ya cika tun kafin ta iso, kuma ba wadda ta matsa. Bayan sujada ba a tsaya gaisawa da mu a ƙarƙashin bishiya ba kamar kullum. A layinmu yara suka samu sabuwar waƙa. Da Baba ya fito sayen jarida sai su bi shi daga nesa suna rerawa, "Baba Disimbago, Baba Disimbago." Ni na canza hanyar zuwa aiki, ina zagayawa ta bayan makarantar firamare don kada in bi ta gaban masu shayi. Kajin Mama kuwa sun wuce lokacin yanka, sun yi nauyi har ƙafafun wasu sun kasa ɗaukarsu, suna kwance suna haki. Muka fara yankawa muna ci. Safe kaza, rana kaza, har warin romon ya fara tayar mini da zuciya. Mama ta aika wa maƙwabta, wasu suka karɓa, wasu suka mayar, wai suna tsoron ciwo.

Abin da ya fi cin Baba ba waƙar yara ba ce, maganar cewa an saye shi ce. Mutum ne da bai taɓa karɓar ko goro daga iyayen ɗalibi ba. Wata safiya ya fito da shiri ya ce, "Ki sa takalmi, za ki raka ni."

Babban ƙamus ɗinsa ya lalace tun shekarar da ruwa ya shiga mana gida, saboda haka muka fara biyawa ta Bekaji, gidan wani tsohon abokin aikinsa, ya aro nasa. Littafi ne mai kauri, bangonsa ya sha selotef. Da muka fito na ce, "Baba, mu duba tukuna kafin mu je."

"Sai na duba takarda kafin in san sunana?" Ya tare keke. "Kasuwa."

A cinyata na riƙe littafin har muka isa.

Ɓangaren masu kaji ya zama kamar gidan makoki. Kejin kaji a jere babu komai ciki sai busasshen kashi da 'yan gashin da suka maƙale a waya. Maza na zaune a benci, wasu na dara a ƙasa, wasu na gyangyaɗi. Da suka hango kwat mai ruwan toka sai aka fara taɓa juna. Bappa ya miƙe ya tarbe mu, ya share benci da hannun rigarsa, ya ce Malam ya zauna. Baba ya ƙi zama. Ya ce ya zo ne ya wanke kansa a gaban kowa, a kira jama'a.

Ba sai an kira ba. Kafin ya karɓi littafin daga hannuna an zagaye mu, har da masu tura baro da mata masu tumatir daga layin gaba. Mai shagon abincin kaji ya zo ya tsaya a gaba ya harɗe hannu.

Baba ya ɗora ƙamus a kan wani keji, ya sa tabarau, ya lashi yatsa, ya fara buɗewa. Ya iso shafin. Ya ɗora yatsa a sama ya gangaro a hankali har ƙasa. Ya koma sama ya sake gangarowa. Ya juya shafi, ya duba, ya dawo. Ina tsaye a kafaɗarsa, ina ganin abin da yake gani: kalmar da ke gabanta tana nan, wadda ke bayanta tana nan, ita babu. Gumi ya ɗigo daga haɓarsa ya faɗa kan takardar. Yatsan nan da ya nuna wa dubban yara kuskurensu ya tsaya a tsakanin kalmomin biyu.

"Wannan bugun 'yan makaranta ne," ya ce, muryarsa ta yi ƙasa. "An rage shi. A babban akwai."

Sai mai abincin kaji ya ce, "Malam, ko ita ma an sa mata imbago ne?"

Dariyar da ta tashi, har masu nama daga can nesa suka ɗago kai. Wani ya riƙe ciki, wani ya faɗa kan benci. Ban san lokacin da ƙafafuna suka ja da baya ba. Na tsinci kaina a bayan wata mai tumatir, ina kallon kwandonta kamar mai shirin saye.

Bappa ne ya tsawatar. Da Fulatanci ya yi, kalmomi kaɗan, ban ji ma'anarsu ba, amma dariyar ta mutu nan take. Ya matso ya sa hannu biyu ya rufe littafin a hankali.

"Malam," ya ce, "ni ban ce an saye ka ba, kuma ba zan ce ba. Wanda ya sake faɗa a nan, da ni zai yi. Mu je in raka ka."

Ya ɗauki ƙamus ɗin ya rungume a ƙirji, ya sa ɗaya hannun ya riƙe gwiwar hannun Baba, suka ratsa mutane. Da suka zo daidai inda nake Bappa ya tsaya. Ashe ya ga inda na shiga. Bai ɗaga murya ba. "Ɓingel," ya ce, wato yarinya, "zo ki kama babanki." Na fito a gaban kowa. Baba bai dube ni ba, kuma ban san ko ya lura na bar gefensa ba. Bai taɓa tayar da maganar ba har ya bar duniya.

Washegari a wurin aiki na roƙi mai shagon ya bar ni in shiga intanet. Na rubuta kalmar, na danna. Ga ta nan. Tsohuwar kalma ce, an ce ba kasafai ake amfani da ita ba, amma tana nan, da ma'anarta daidai yadda Baba ya faɗa, harafi bai canza ba. Na buga shafin, na ninke, na roƙi izini na tafi gida da rana tsaka kamar mai ɗauke da sakamakon asibiti.

Na same shi a bayan gida, zaune a kan bulo kusa da rumfar kaji, da singileti. Na miƙa masa. Ya karanta har ƙasa, ya sake karantawa, ya miƙo mini.

"Na sani," ya ce.

"Baba, mu kai wa Bappa. Mu yi kofe mu liƙa a ƙofar kasuwa."

Ya daɗe yana kallon wata kaza da ke ƙoƙarin tashi tana kasawa. Sannan ya ce, "Bar shi. Ɗauko mini wuƙa, wannan ba za ta kai gobe ba."

Kirsimeti ta zo ta wuce haka nan. Sai bayan sabuwar shekara da 'yan makonni muka ji a labaran rana cewa gwamnati ta ɗage takunkumin sayar da kaji. Jimla ɗaya ce, tsakanin labarin taki da na ƙwallo. Ba taronmu ne ya sa ba, kuma na tabbata ko da Baba ya yi maganar da ta fi kowace sauƙi, da ba a ɗage kafin lokacin ba. Na faɗa wa kaina haka sau da yawa. Bai taɓa rage mini komai ba.

Mama ta sake sayo 'yan tsaki, kaɗan wannan karon. Matan zumunta suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya faru. A gida ba ta yafe masa da wuri ba, amma a waje ba ta bar kowa ya taɓa shi ba. An ba ni labarin yadda ta tare matar nan mai maganar fansho a bakin famfo ta ce mata, "Da mijina na sayuwa ne, da ba ku gan shi da kwat ɗaya tun kuna 'yan mata ba." Aka ce sai da aka shiga tsakaninsu.

Baba bai sake riƙe makirfo ba. Gayyata ta ragu, kuma 'yan kaɗan da suka zo ya ce ba ya jin daɗi. Ya daina gyara mana Turanci. Ƙanena ya yi wani kuskure a gabansa da gangan, don ya ga ko zai tanka, Baba ya ɗaga kai kawai ya ci gaba da cin abinci. Aikin 'yan tsaki ya koma hannunsa: shi ke wanke mazubin ruwa, shi ke juya musu ɓuntun shinkafa, shi ya san wanda bai ci ba. Wata safiya na je shanya a bayan gida na ji murya daga cikin rumfa. Turanci yake yi musu, a hankali, dogayen jimloli masu hawa da sauka irin na da. Na ajiye bokitin na koma ciki da sanɗa.

Ya rayu shekaru bayan haka. Da ya rasu Bappa ya zo ta'aziyya, ya tsufa ƙwarai, jikansa na riƙe da shi. Ya zauna a tabarma a cikin 'yan coci har aka gama waƙoƙi, ya yi wa Mama gaisuwa, ya ce Malam mutumin kirki ne, ya tafi.

Yanzu ina aure a Bekaji, Mama na nan a gidanmu na Demsawo. Idan zan je wurinta na tare keke, in na ce layin bayan firamare, ba su gane ba. In na ce kusa da famfo, sai su ce wane famfon. Dole sai na faɗi sunan da kwanar gidanmu ta samu, wanda duk mai keke a Jimeta ya sani: Kwanar Disimbago. Nakan faɗa da sauri, ina kallon wani wuri.

Yawancinsu yara ne, ba su san mafarin sunan ba. Kwanan baya wani mai surutu ya ɗauke ni, ya ce ai shi ya san tarihin wurin. Wai sunan wani Bature ne da ya zauna a nan tun zamanin da, mai kiwon kaji, ya mutu ba ɗa ba jika.

Na ce, "Haka ne?"

Ya ce wallahi, kakarsa ce ta gaya masa.

Na ce ya sauke ni a bakin titi, zan ƙarasa da ƙafa.